Ruwan da Ke Ɗiga Daga Hancin Zulai

Abin da na fara gani a Yamai bayan mun fito daga tasha shi ne wata saniya kwance a bakin hanya, ta mutu, cikinta ya kumbura, ƙudaje sun rufe mata ido. Kusa da ita akwai rumfar mai abinci, mutane suna zaune suna cin shinkafa da wake. Ba wanda ya ja ta gefe. Na rufe wa 'yata Zulai hanci da gefen mayafina muka wuce. Shekarar fari ce, dabbobi suna ta faɗuwa, mutanen garin har sun daina juyawa su duba.

Ni 'yar Funtuwa ce, kuma ɗinki na iya. Mijina ya rasu ya bar ni da Zulai tana da shekara shida. Wata dillaliya mai suna Yaha, wadda ke kai atamfa Nijar, ita ta ce mini wata hajiya 'yar Maraɗi tana da shagon ɗinki a unguwar Zongo, tana neman mace mai hannu ta riƙe mata. Da muka isa Zongo shagon yana nan kuwa, amma wani tela ne a kan keken, ya ce ya fi shekara goma a wurin, kuma bai san da zuwan kowa ba. Na dubi Yaha. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "To ai aikin gida ma aiki ne, Rakiya."

A ranar ta kai ni Koira Kano, unguwar sababbin gidaje, ta miƙa ni ga Hajiya Mariyama. Hajiya ta juya tafin hannuna ta duba, ta ce in buɗe baki ta ga haƙorana, sannan ta nuna mini wani ɗaki kusa da ɗakin girki. Daga nan ban sake ganin Yaha ba. Ba a jima ba sojojin ƙasarmu suka rufe iyaka, hanyar gida ta toshe.

Gidan nan ya cika mini ciki tun makon farko. Kullum da yamma ana jan tiyo ana ba furanni ruwa har ya malala waje, alhali a jikin katangar matan arewacin Nijar ne zaune da 'ya'yansu, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suna tarar ruwan da gwangwani. A ɗakin ajiya akwai buhunan hatsi masu rubutun Turawa, irin waɗanda aka kawo don a raba wa masu yunwa. Sun daɗe har ƙwari sun cinye na ƙasa, ɗakin yana wari. Ni ake sawa in kwashe ruɓaɓɓen in zuba wa raguna. Mijin Hajiya babban ma'aikacin gwamnati ne, ƙanensa kuma babban soja. A lokacin kowa a Yamai ƙasa-ƙasa yake magana, don an ce ko mai tasi yana iya zama kunnen hukuma. Na koyi yin shiru kamar kowa. In kewa ta dame ni sai in tuna mahaifiyata tana kaɗin auduga a zaure, in ci gaba da wanke-wanke.

Hajiya tana da ɗa saurayi, Laminu, wanda aka kora daga lakkol, wato makarantar boko. Ba ya aikin komai. In mahaifinsa ya kwanta bayan azahar, sai ya ɗauki makullin mota ya riƙa gaba da baya a tsakar gida.

Wata rana aka aike ni kasuwa sayen kayan miya. Da na dawo sai na tarar da simintin tsakar gida a jiƙe, an wanke shi, ba kuwa lokacin wankinsa ba ne. Zulai tana kwance a ɗakinmu, an canja mata riga, an cusa mata auduga a kunnen hagu, audugar ta yi ja. Idonta a buɗe amma kamar ba ta san ni ba.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗiyarki ta faɗi daga matakala. Yaran ga ba su jin magana. Na ba ta asfirin."

Matakalar gidan hawa uku ce, Zulai kuma tsallake ta take yi kullum. Kafin magariba ta yi amai har sau biyu.

Da gari ya waye na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Kewayen idanunta duka biyu ya yi baƙi, kamar an shafa mata kwalli da tafin hannu. Sannan wani ruwa fari tas yana ɗiga daga hancinta, ba kauri, ba yauƙi. In ta sunkuya sai ya ƙaru. Ta ce, "Inna, gishiri nake ji a maƙogwarona."

Na roƙi Hajiya in kai ta asibiti. Ta ce, "Mura ce. Yau muna da baƙi, ki gama tuwo tukuna." Mai gadi yana tsaye yana ji, ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran tiyo. Sai da baƙi suka ci suka wanke hannu sannan aka bar ni na fita.

Ƙaramin ɗakin shan magani na unguwa na fara zuwa. Ma'aikacin da ke wurin bai ko taɓa ta ba. Ya dubi idanun, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke 'yar Najeriya ce?"

Na ce e.

"Hannunku da nauyi. Da mi kika buge ta?"

Na rantse masa ban taɓa ta ba. Ya yi dariya, ya miƙo mini maganin ɗigawa a hanci, ya ce in sa ta ta riƙa fyacewa da ƙarfi, kuma in ya sake ganin yarinyar da irin wannan ido zai kai ni kwamisariya, wajen 'yan sanda. Da muka koma gida na sa ta fyace sau ɗaya kamar yadda ya ce. Ta riƙe kanta da hannu biyu ta yi wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na ajiye maganin ban buɗe shi ba.

Akwai wata Bazabarma mai suna Bibata, daga Gaweye ta bakin kogi, wadda ke kawo wa gidan salak da tumatir a tire kowace safiya. Hausarta ta kasuwa ce, gajeruwa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Washegari ta same ni a bayan gida ina zubar da ruwan wanki, ta ajiye tirenta, ta duba hagu da dama.

"Ba matakala ba," ta ce. "Mota."

Ta ce ranar ta dawo karɓar tirenta, tana tsaye a bakin ƙofa. Zulai tana tsugune tana wasa da duwatsu, Laminu ya yo baya da gudu, motar ta ture ta, kanta ya bugu da ginshiƙin ƙofa. Ta ce yarinyar ta daɗe ba ta motsi. Hajiya ta fito ta sa aka ɗauke ta, aka wanke jinin, ta ce wa kowa ya kama bakinsa.

"Ni ban faɗi miki ba," in ji Bibata. Sai kuma ta ce, "Ɗauko ta. Mu tahi babban likita."

Ban nemi izinin kowa ba. Na goya Zulai, Bibata ta bar tirenta wajen wata mai ƙosai, ta tare mana tasi.

Warin babban asibitin ne ya fara tarar mu tun daga ƙofa. Farin ya koro mutane daga ko'ina, barandar ta cika da yara masu ƙyanda da gudawa, a kwance a kan kwali da tsumma. Akwai wani bokiti a kusurwa da ya cika ya tumbatsa, mutane suna tsallake abin da ya zubo. Mun zauna tun hantsi. Ina kallo masu manyan riguna suna zuwa, su yi wa mai tsaron ƙofa Faransanci, a buɗe musu. Bibata ce ta tashi a ƙarshe ta yi masa faɗa da Zabarmanci, ban san me ta ce ba, amma ya matsa.

Likitan, wanda su suke kira lokotoro, wani siriri ne ɗan Damagaram, idonsa ja don gajiya, rigarsa tana warin taba. Bai amsa gaisuwata ba.

"Wa ya buge ta?"

Na ce, "Mota ce ta ture ta, kanta ya bugi ginshiƙi."

Sai ya ajiye alƙalaminsa. Ya tambaye ni ko ta suma, ko ta yi amai, da yaushe idon ya yi baƙi. Ya zare audugar kunnen ya jefar, ya ce wane marar hankali ne ya toshe. Ya leƙa kunnen da wata 'yar fitila, ya haska mata ido ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya naɗe kunnen hagun gaba ya ce in duba. A bayan kunnen, ƙarƙashin kitso, fatar ta yi shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga mata baban rini. Ni uwarta ban gani ba. Ya ce mata ta rufe ido ta nuna masa haƙora. Idon dama ya rufe, na hagu ya tsaya rabi, bakinta ya karkace gefe guda.

Ya sa ta sunkuya, ya tari ɗigon hancin a kan farin ƙyalle. Muka tsaya muna kallo. Ɗan jini ya tsaya a tsakiya, farin ruwan ya bazu ya kewaye shi kamar zobe. Ya tsoma wata 'yar takarda a ciki, ta canja launi.

"Wannan ba majina ba ce," ya ce. "Majina ba ta da sukari. Ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a ciki ne."

Na zauna a ƙasa. Ya ɗauki wani ƙoƙon shan ruwa a kan teburinsa ya nuna mini gindinsa. Ya ce ƙashin kai kamar ƙoƙon nan yake, kuma na Zulai a gindi ya tsage, inda hannu ba ya kaiwa, ido ba ya gani. Jinin da ya fita daga tsagar shi ne ya gangaro ya taru a kewayen ido da bayan kunne, shi ya sa baƙin bai fito ba sai da aka kwana. Ya ce zai aika a ɗauki hoton kan, amma kada in dogara da shi, sau da yawa hoton ba ya nuna wannan wurin. Haka kuwa aka yi. Sai da muka jira wuta ta dawo, aka ɗauka, hoton bai nuna komai ba. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya ajiye, ya ce alamun sun ishe shi.

Na ce, "Za a yi mata aiki?"

Ya ce a'a. Ƙashin yara yakan haɗe da kansa in an bar shi. Abin tsoro shi ne ƙofar da ruwan ke fita, ta nan cuta ke iya shiga ta zama sanƙarau. Ya lissafa mini dokoki kamar soja. Ta kwanta kanta a ɗage. Kada ta fyace, kada ta yi yunƙuri, kada a toshe hanci ko kunne, kada a ɗiga musu komai. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Kowa ya zo da roba zai zura mata ta hanci, ki hana, ko ni ne. Tana iya bin tsagar ta shige ƙwaƙwalwa." In ruwan bai tsaya ba, ya ce, sai aikin da ba a yi a ƙasar, don haka in yi addu'a ya tsaya.

Aka ba mu gado a ɗakin yara, mu biyu da wata yarinya a kan katifa ɗaya. Katifar roba ce, ta tsattsage, ƙazantar waɗanda suka gabace mu ta shige cikin soson. Na shimfiɗa zanena a kai, na naɗe mayafina na tallafe wa Zulai kai. Ba ta son cin komai. Yawancin yaran ɗakin yunwa ce ta kawo su, ta hanci ake ba su madara, don haka wata ma'aikaciya ta zo da robarta tana bin gado-gado. Da ta iso kanmu na rufe fuskar Zulai da hannuna na faɗa mata abin da lokotoro ya ce. Ta zage ni, ta ce baƙauya ce ni, ta wuce. Da cokali na riƙa ba ta kunu, kaɗan-kaɗan.

Bayan 'yan kwanaki jikinta ya yi zafi rau. Ta ƙi haske, wuyanta ya ƙage, in na ɗaga kanta sai ta yi kuka. Abin da ake tsoro ya zo. Lokotoro ya sa aka lanƙwasa ta, ya soka mata allura a gadon baya ya ɗebo ruwa. Ya ɗaga kwalbar, ruwan ya yi duhu-duhu kamar ruwan shinkafa. Aka fara yi mata allurai ba dare ba rana har cinyoyinta suka yi tauri. A cikin kwanakin nan yarinyar da muke gado ɗaya ta rasu da safe. Uwarta ta fita neman wanda zai taimaka mata, gawar ta zauna kusa da ƙafar Zulai har la'asar. Ni na rufe ta, ni nake kore mata ƙudaje da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan goshin 'yata.

Bibata tana zuwa kullum in ta gama talla. Takan kawo kwaɗon zogale a ƙullin leda, ta zauna a ƙasa ta ce in ci tana gani. Wata rana ta kwashe zannuwanmu ta kai kogi ta wanke. Ba mu da doguwar magana. In za ta tafi sai ta taɓa ƙafar Zulai ta ce, "Haƙuri."

Hajiya Mariyama ta zo sau ɗaya. Ta shigo cikin leshi, da hankici a hanci, direba yana biye da ita da kwanon abinci da gwangwanayen madara. Ta fara tsayawa da lokotoro a baranda suka yi Faransanci. Sannan ta zo kaina, ba ta dubi gadon ba.

"Rakiya, na ji kina faɗin wata magana. Laminu yaro ne, ana shirin tura shi karatu waje. Ke baƙuwa ce, takardar zama ma ba ki da ita. Matakala ce, kin ji ko?"

Na dubi kwanon. Tuwon da ke ciki na san daga wane buhu aka ɗebo hatsinsa. Na ce, "Na ji, Hajiya." Da ta fita na tura kwanon ga matar gadon gaba, mai 'ya'ya biyu a kwance. Ni dai na kasa kai shi baki.

Da lokotoro ya zo zagaye na tare shi. Na ce shi ya ga ciwon, ya san matakala uku ba ta yin haka, ko zai faɗa wa hukuma?

Ya ci gaba da haska idon Zulai. "Ni ƙashi nake dubawa, ba mota ba," ya ce. Da ya miƙe ya ƙara da cewa, "Ina da iyali." Bai dube ni ba ya wuce gado na gaba. Mutumin nan shi ya gane ciwon 'yata, shi ya riƙa nemo mata allurai daga inda ban sani ba lokacin da na asibitin suka ƙare. Har yau ina yi masa addu'a, kuma har yau in na tuna bayansa yana tafiya sai raina ya ɓaci.

Zazzaɓin ya sauka a hankali. Wata safiya na duba ƙyallen da nake sa mata a ƙarƙashin hanci na tarar da shi a bushe. Lokotoro ya sa ta sunkuya, ya jira, ba abin da ya ɗigo. Baƙin idon ya koma kore, ya koma rawaya, ya ɓace. Bakinta kuwa, lokotoro ya ce zai miƙe da kaɗan-kaɗan, kuma ya miƙe, sai in ta yi dariya sosai ake ganewa. Amma da ya kai agogonsa kusa da kunnenta na hagu ya ce me take ji, sai ta ce ba komai. Ya gwada sau da yawa. Wannan kunnen bai dawo ba. Ita kuwa ba ta tuna komai na ranar, daga wasan duwatsu sai gadon asibiti.

Da aka sallame mu Bibata ta ce mu zo Gaweye, akwai wuri a ɗakinta. A can muka zauna, ina ɗinkin hannu ga matan masunta, har muka samu masu bi ta daji suka tsallakar da mu gida. Amma kafin nan sai da na koma Koira Kano ɗaukar ƙullin kayana.

Da rana na je, riƙe da hannun Zulai. Mai gadi ya buɗe mana ba tare da ya ɗaga kai ba. Kayana suna waje a jingine da bango, an riga an ba wata ɗakin. Ɗaya daga cikin matan nan ne na jikin katanga, doguwa, ƙasusuwan wuyanta a waje, tana durƙushe tana wanke tukwane. 'Yarta, wadda ba ta fi shekara biyu ba, tana zaune a tsakiyar siminti tana wasa da murfin kwalba, daidai inda mota ke juyawa.

Na je na tsaya a kanta na ce, "Baiwar Allah, ɗauke 'yarki daga nan. Kada ki sake barinta a tsakar gidan nan, ko da minti ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi Zulai da karkataccen bakinta. Ta share hannu a zane, ta ɗauki yarinyar ta goya, ta ɗaure goyon tamau. Na ce mata in tana da inda za ta je, ta tafi.

Ta ce, "Ina?"

Nan take aka danna odar mota a bakin ƙofa, doguwa, ba haƙuri. Ta ƙarƙashin ƙofar na hango tayoyin motar. Mai gadi ya zaga bayan gida, Hajiya ta ƙwala kira daga ciki wai ba mai buɗewa ne. Matar ta sake taɓa goyonta ta tabbatar ya ɗauru, ta ruga ta zare sakata. Na ja Zulai muka manne da bango har Laminu ya shige, yana tuƙi da hannu ɗaya.